Ta Ina Harsashin Ya Shiga?

Saura sati biyar a ɗaura auren Kausar da Sabi'u aka fito da akwatunan lefe daga ɗakin mahaifiyarta, aka jera su a tsakar gida za a mayar.

Kausar ta dawo daga aikin safe a asibiti, ko farar rigarta ta jinya ba ta cire ba, ta tarar da su guda shida a inuwar bishiyar bedi. Hajiya Rukayya na zaune gefe ta yi tagumi, da ta ga 'yarta sai ta kau da kai.

"Mama, mi ya fiddo kayan nan?"

"Ki shiga falo, babanki na nan shi da kawunki. Ni bakina ya gaji."

Tun da ta ji an ce Kawu Aliyu na ciki ta san inda zancen ya dosa. Yau wata biyu ke nan da aka tsinci gawar Malam Ɗanjuma, mahaifin Sabi'u, a bukkar gonarsa da ke bayan gari, bindigarsa ta farauta yashe kusa da shi. Iyalinsa suka ce hatsari ne, yana goge ta ta tashi. Kafin la'asar an yi masa sutura an kai shi makwancinsa, babu likitan da ya duba gawar.

To amma bakin mutane ba ya bin gawa kabari. Kafin a yi sadakar arba'in magana ta tashi daga Ƙofar Sauri, unguwar su Sabi'u, ta iso Ƙofar Durbi, unguwar su Kausar, wai tsohon da kansa ya yi wa kansa. Wanda ya fi kowa yawo da zancen kuwa shi ne Kawu Aliyu, wan Hajiya Rukayya, tsohon ɗan sanda. Ni dai ban ce da wata manufa yake yi ba, amma kowa a dangi ya san ɗansa Abbas ya shekara biyu yana aiko wa Kausar gaisuwa tana mayar masa da ita yadda ta zo.

Ta yi sallama ta durƙusa a bakin ƙofa, ta gaida mahaifinta Alhaji Badamasi, ta gaida kawun. Aka yi ta ya aiki, ya masu jiki, ya rana, kamar babu komai a ƙasa.

Alhaji Badamasi ya gyara zama. "Kausar, ke ba yarinya ba ce, shi ya sa ban ɓoye maki ba. Sabi'u yaron kirki ne, ban taɓa kama shi da wani aibu ba. Amma ba ni haɗa jini da gidan da gobe za a riƙa nuna jikokina ana cewa kakansu shi ya kashe kanshi."

"Baba, wa ya gani?"

"Ni na gani," in ji Kawu Aliyu. "Da idon aiki. Shekara talatin da biyar na yi ina wannan sana'a, ɗiyata."

Rabin shekarun nan a bayan tebur ya yi su yana buga hatimi, amma wa zai tuna masa.

Ya jawo sandarsa ta dogarawa. "Maharbin da ya shekara arba'in a daji ba ya goge bindiga da ɗuri a cikinta. Wannan zancen hatsari a aje shi gefe, na rufin asiri ne. Waɗanda suka ɗauko shi sun shaida mani raunin na nan ƙasan ramin wuya, hwaɗinshi ya kai tahin hannu. Duba nan."

Ya kafa gindin sandar a ƙasa tsakanin ƙafafunsa, ya manna kanta a ƙirjinsa, ya sunkuya a kai.

"Bindigar doguwa ce, hannu ba ya kai wa kunama. Sai ya tuɓe takalmi ya taka da babban yatsa. An kau iske takalminshi na dama a gefe. Harsashi ya tashi daga ƙasa ya yi sama. Magana ta ƙare."

Kausar ta ji kamar ta fizge sandar ta karya. Ta haɗiye, ta sassauta murya.

"Kawu, ka yi mani afuwa. Wane manomi ne ke shiga bukka da rana tsaka bai tuɓe takalmi ba? Sannan wannan rauni mai faɗi da ka ce, shi ne ma ya hana ni barci. Shekara uku ina wanke raunin harbi, kusan kullum sai an kawo mana mutane daga ƙauyuka. Inda harsashi ya shiga ƙaramin rami ne, wani ko ɗan yatsa ba ya shiga. Inda ya fita shi ke yagewa. In har na gaba ne mai faɗi, to ta baya ya shigo."

"Ta baya?"

"Yana zaune, wani na tsaye bayanshi. Ya shiga ta saman kafaɗa ya gangaro ya fito ta ƙirji. Daga sama ya yi ƙasa, Kawu. Mutum ba ya harbin kanshi haka ko da hannunshi ya kai tsawon tabarya."

Kawu Aliyu ya yi 'yar dariya ya dubi Alhaji. "Ka ji 'yan boko. Ke raunin da kike gani na nesa ne. In aka manna bakin bindiga a jiki, ƙarhin albarushi ne ke yage wurin shiga. Wannan ba a koya maku shi ba."

"In haka ne za a ga baƙin albarushi da ƙuna a rigarshi. An gani?"

"Rigar da jini ya rine? An binne ta tun ranar."

"To ka ga ba wanda ya gani ke nan."

"To ni in tambaye ki," ya ce yana nuna ta da sandar. "In 'yan bindiga ne suka harbe shi, don mi suka bar babur ɗinshi jingine da makulli a jiki? Don mi suka bar bindigar? Kin taɓa jin ɓarawon da ya zo ya kashe ya tahi hannu rabbana?"

Wannan tambayar Kausar ta daɗe tana yi wa kanta ita, ba ta samo amsa ba. Hawayen takaici suka cika idonta, ta ƙi bari su zubo a gaban kawun.

Alhaji Badamasi ya ajiye carbinsa ya dube su.

"Ku duka biyun da ji kuke gardama, gani kau ya kori ji. Wa ya ga bayan mamacin?"

"Ladanin masallacinsu," in ji Kausar da sauri. "Shi ya yi mashi wanka, Sabi'u ya zuba ruwa."

"To a bar kayan su kwana. Gobe da hantsi zan aika a ɗauko Ladan, shi ma Sabi'un ya zo. In an ce akwai rami a baya, to kashe shi aka yi, bawan Allah ya yi shahada, ni da kaina zan je in ba su haƙuri. In babu, kada ki ƙara tada mani maganar."

Tana shiga ɗaki ta kira Sabi'u a waya cike da murna. Ta zayyana masa komai ba ta ko tsaya numfashi ba.

Da ta gama sai ta duba wayar ko ta katse.

"Sabi'u, kana ji na?"

"Ina ji." Muryarsa a dushe take. "Kausar, da kin bar maganar nan."

"In bar ta? Lefenka na tsakar gida kaji na hawa, ka ce in bar ta? Kai ka zuba ruwan wankan nan. Wata biyu ina tambayarka mi ka gani, kullum sai ka ce mani Allah ya ji ƙanshi. Na ce amin, amma mi ka gani?"

"Zan zo goben," ya ce, ya kashe wayar.

Ta bi wayar da kallo. Mutumin da ya yi shekara uku yana zarya a ƙofar gidansu, wanda ya taɓa tsayuwa cikin ruwan sama don kawai ya miƙa mata littafi, yau shi ake ja kamar akuyar da za a kai kasuwa. Ranar tuwon dare ma ba ta iya ci ba.

Washegari da hantsi aka hallara a falon Alhaji. Kausar da mahaifiyarta suka zauna bayan labulen ƙofar da ke shiga cikin gida. Ta tsakanin labulen tana hango Sabi'u a ƙasa kan darduma, ya rame, shaddar jikinsa ta yi masa yawa.

Ladan tsoho ne siriri mai farin gemu. Aka gaisa, aka ƙara yi wa juna gaisuwar rashi, aka yi addu'a. Sannan Alhaji Badamasi ya faɗi abin da ya sa ya tara su, bai yi kwana-kwana ba.

Tsohon ya saurara har ƙarshe, ya shafa gemunsa.

"Alhaji, kana da girma a wurina, shi ya sa na taso. Amma ka san ƙa'idar aikin namu. Mai wankan gawa makaho ne kuma bebe. Shekara talatin da ɗoriya ina wanke mutanen unguwarmu, abin da idona ya gani bayan an saki labule ko mai ɗakina ba ta taɓa ji ba. Ranar da na hwara hwaɗi, wa zai ƙara miƙa mani ubanshi?"

"Malam, aure ne zai mutu a kan wannan," in ji Alhaji.

"Na sani, kuma abin ya dame ni. Sai dai amanar ba tawa ba ce, ta iyalin mamaci ce. Ga babban ɗanshi nan zaune. In ya ce ya sake ni, yanzu zan hwaɗa maku abin da na gani, ba ƙari ba ragi."

Kausar ta damƙe hannun mahaifiyarta. Ai shi ke nan, kalma ɗaya ta rage, kuma a bakin wanda ya fi kowa son auren take.

Duk aka juya ana kallon Sabi'u. Ya ɗago kai, ya dubi labulen kamar ya san daidai inda take zaune, ya mayar da idonsa ƙasa.

"Ban sake ka ba, Malam."

Kawu Aliyu ya jingina da kujera ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"To, Alhaji, ka ji. Shiru ma magana ce."

Sabi'u ya yi sallama ya tashi ya fita. Kausar ba ta san lokacin da ta fizge hannunta ba, ta zagaya ta tsakar gida da gudu, mahaifiyarta na kiranta ba ta waiwaya ba. A soro ta cim masa, ta sha gabansa.

"Ba inda za ka sai ka gaya mani laifin da na yi maka."

"Kausar, ki bar ni in wuce."

"Jiya na durƙusa gaban babana na yi musu da kawuna, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Saboda kai, saboda mutuncin mahaifinka. Kai kuma ka zo ka kwance mani zane a kasuwa." Hawayen da ta riƙe tun jiya suka ɓalle. "In ka daina sona ne ka faɗa. Ba sai ka ɓuya bayan kabarin tsoho ba."

Ya jingina da bango ya rufe ido. "Da zan iya daina sonki da na huta."

"To mi ne ne? Kawu ne ke da gaskiya? In ma haka ne ka gaya mani, ni ba zan guje ka ba."

"Ke ce ke da gaskiya."

Ta tsaya da kukan cak.

"Akwai rami a bayanshi," ya ce a hankali. "Nan saman kafaɗar hagu, ƙarami, yadda kika faɗa. Da muka juya shi ni da Malam muka gan shi tare. Ya dube ni, na dube shi, ya ci gaba da wanka. Daga sama ya shiga ya gangaro. Baba bai kashe kanshi ba, Kausar."

"Alhamdulillahi. To zo mu koma, zo ka faɗa masu." Ta kama bakin rigarsa tana ja. "Mi kake jira?"

Bai motsa ba.

"Kawunki ya yi tambaya jiya, kin ce kin kasa amsawa. Don mi ba a ɗauki babur ba, don mi ba a ɗauki bindiga ba. In na ce an harbe shi ta baya, tambayar da za ta biyo ita ce wa ke tare da shi a gonar."

"Ai an ce shi kaɗai ya tafi."

"Mu muka ce." "Da Habibu suka tafi."

Ta saki rigar. Habibu ƙaninsa ne uwa ɗaya uba ɗaya, magidanci mai mata da jaririya, wanda shaye-shaye ya so ya lalata, aka yi ta fama har ya fara dawowa hanya. Shi ne ke tsokanarta yana ce mata amaryarmu duk sanda suka haɗu.

"Da safen sun yi faɗa da Baba, duk gidan an ji. Da azahar ya shigo shi kaɗai, ya faɗi gaban Inna. Ya ce bindigar na rataye a bukka, Baba na zaune yana cin abinci, ya miƙa hannu zai sauko da ita ta tashi. Ya rantse da Alƙur'ani ba da niyya ba ne."

"Ka yarda da shi?"

"Ban sani ba." Nan muryarsa ta karye. "Wallahi ban sani ba. Wata rana in dube shi in ce ƙanina ba zai iya ba. Wata rana in tuna faɗan safen nan in kasa haɗa ido da shi. Inna ta riƙe ƙafata tana kuka, ta ce ta rasa miji, kada in sa ta rasa ɗa. Ta ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Mu muka ce hatsarin goge bindiga ne, ba mu taɓa zaton gari zai juya shi ya koma haka ba."

"Sai ka bari ana zagin mahaifinka a kabari."

"Kullum da shi nake kwana."

"Ni fa? Ni ina ka ajiye ni a cikin wannan lissafin naka?" Ta buga ƙirjinta. "Ka zaɓi Inna, ka zaɓi Habibu, ka zaɓi jaririyarshi. Ni da na jira ka shekara uku ko shawara ban isa ka yi da ni ba. Ka bar ni ina ta haƙilo ina auna kafaɗa da ƙirji kamar mahaukaciya, ashe ramin da nake tonawa ƙaninka ne zai faɗa."

"Na so in gaya maki, na ji tsoron ɗora maki kayan da ni ma sun fi ƙarfina. Yanzu kuma ga shi na ɗora." Ya goge fuskarsa da hannun riga. "Ba zan ce ki yi shiru ba, ba ni da wannan bakin. Kin ji komai. In kin shiga kin faɗa, ba zan ga laifinki ba. Za a ɗaura aurenmu, a zo a tafi da Habibu."

Ya raɓa ta gefenta ya fita. Ta ji yana ta fama da babur ɗinsa a waje, sai a bugu na huɗu ya tashi.

Tana nan tsaye a soron Hajiya Rukayya ta leƙo. "Babanki na kira."

Ta share fuska ta koma. Ladan ya riga ya fita ta ƙofar gaba, saura Alhaji da Kawu Aliyu. Ta durƙusa inda ta durƙusa jiya.

Alhaji Badamasi ya dubi kumburarrun idanunta. Duk taurinsa, mutum ne mai son 'yarsa, kuma ba wawa ba ne.

"Kausar, shirun yaron nan bai kwanta mani ba. Ruwa ba ya tsami banza. Na kuma yi ta juya maganarki ta jiya, na ga akwai hankali a cikinta."

"Alhaji," Kawu Aliyu ya fara.

"Dakata, Aliyu." Ya juyo gare ta. "Wataƙila tsoro ake ba su, wataƙila wani mai ƙarhi ne ya yi kisan suka kasa magana. Ke kin san aikinki, ban taɓa jin kin yi mani ƙarya ba. In har yanzu kina bisa bakanki cewa ta baya aka harbe shi, to ba ni buƙatar Ladan. Yau ɗin nan zan sa hula in kai maganar gaban hukuma a tono ta tun daga tushe, a kamo ko wane ne. Aurenki kuma yana nan ranar da aka sa. Ki hwaɗa mani, kina bisa bakanki?"

Abin da ta kwana biyu tana roƙo ke nan, an miƙo mata shi har hannu. Ta buɗe baki, sai ta ga tsohuwar nan Inna Dije, mahaifiyar Sabi'u, riƙe da ƙafar ɗanta. Ta rufe. Ta ji haushin Sabi'u, ta ji haushin Habibu, ta ji haushin kanta da ta iya aikinta har ta gano abin da ba a so a gano.

"Ke nake saurare," in ji Alhaji.

Kausar ta sunkuyar da kai har goshinta ya kusa taɓa darduma.

"Baba, ka yafe mani. Ni allura na sani da wankin ciwo, ban san aikin bindiga ba. Na janye maganata."